Ƙahon da Ake Busa wa Mai Tabo

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, yayyafin da aka wuni ana yi ya ɗauke, rana ta leƙo amma babu ɗumi a cikinta. Ina bakin rumfa ina faskare, sai ga Bade Simion, maƙwabcinmu mai kiwon zuma, ya turo ƙyauren shinge da ƙafa. Ɓallen katakon amya ne a hannunsa. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Ina Lele Rafila?" Kakata yake nema.

"Tana ciki, Bade. Lafiya dai?"

"Lafiyar ke nan." Ya ɗaga katakon ya kai min kusa da hanci. "Amya uku, Ilarie. Uku! Ƙawar kakarka ta kawo min ziyara."

Ƙawar kakata da yake nufi wata tsohuwar beyar ce, ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, muna ce mata Mai Tabo. Shekararmu ɗaya da ita, ko kusan haka. A shekarar da aka haife ni ta shiga garken Kaka a kan dutse ta kama ɗan maraƙi, lokacin tana 'yar budurwar beyar. Kaka ta zaro itace mai ci daga murhu ta bi ta da gudu, ta ɗora mata shi a kafaɗar hagu. Gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Duk ƙauyenmu babu wanda bai san labarin ba, kuma babu wanda ya yi mamakinsa, don Kaka Rafila ta wancan zamani ba a yi mata wargi. Ta taɓa watsa wa wani mai awon gonaki ruwan wanke-wanke saboda ya taka mata kabeji. Ni kaina na sha ludayi a ka har na daina ƙirgawa.

Wadda ta fito daga ɗaki a ranar kuwa wata ce daban. 'Yar ƙaramar tsohuwa, ta riƙe bakin zaninta sama-sama saboda ta kama gizo-gizo a ciki, za ta kai shi waje kada a taka shi. Sai da ta ajiye shi a kan shinge sannan ta dubi Bade Simion.

"Ka sha shayi, Simion?"

"Ban zo shan shayi ba, Lele. Takardar izinin harbe ta ta fito. Maharba za su zo ranar Asabar. Sau biyu ana nemanta a dajin nan ba a gan ta ba, amma kowa ya san in kin busa ƙahonki tana fitowa. Ki busa musu sau ɗaya, shi ke nan, mu huta."

Kaka ta daɗe tana kallon ɓallen katakon. "Ba ta da haƙora yanzu," in ji ta. "Shi ya sa take bin zuma."

"To ni zan yi mata haƙoran?"

Daga kan benci a gefen bango kakana Ispas ya sa baki. Tsoho muke ce masa. Tun da gwiwoyinsa suka ƙi, aka sayar da shanu, nan yake wuni da sanda tsakanin ƙafafu yana neman abin da zai kushe.

"Ki busa a harbe shegiya," ya ce. "Shekara ashirin da bakwai tana cin amanarmu. Da kin bi ta da wuta, yanzu kina bin ta da kiɗa. Gobe sai ki shimfiɗa mata gadona."

"Da ta fi ka daɗin zama," in ji Kaka a hankali, ta koma ciki.

Ƙahon namu tulnik muke ce masa. Ya fi ni tsawo. Itacen fir, wani dogon itace na kan duwatsunmu, ake tsagawa biyu, a rarake cikinsa, a mayar a haɗe, a ɗaure da zobban reshe. Ba a manne shi da komai, don haka in ya bushe gaɓar takan buɗe, iska ta tsere. Kafin a busa sai ya kwana a ruwa, ko aƙalla ya yi rabin wuni a komin da shanu ke sha. Amma in sanyi ya kama ba a barinsa, don ruwan in ya daskare a cikinsa tsage shi yake yi gida biyu. Haka na mahaifiyar Kaka ya tafi, kuma har yau in ta tuna sai ta yi tsaki.

Mata ne ke busa shi a wurinmu. Ina yaro, da yamma, sai ka ji wannan tudu ya kira wancan tudu ya amsa. Akwai busar da ke cewa abinci ya nuna, masu yankan ingirici su sauko. Akwai ta kiran shanu gida, doguwa mai sanyi. Akwai ta mutuwa. Akwai kuma ta korar namun daji, gajeriya, kamar haushin kare. Yanzu kowa da waya a aljihu, matan da suka iya, ban da Kaka, duk sun tafi, wasu maƙabarta, wasu wurin 'ya'yansu a birni.

Bayan an sayar da shanunmu Kaka ba ta daina hawa ba. Kowace yamma sai ta je fili a bakin daji ta busa ta kiran shanu, alhali babu saniyar da za ta zo. Shekara uku da suka wuce, wata rana, sai ga abu ya fito daga cikin itatuwa ya zauna gindin wani kututture a hayin kwari. Kaka ta ga tabon. Ta ce min ta kai bakinta za ta yi ta kora, sai ta ji ba ta da niyya. Ta ci gaba da wadda take yi. Beyar ta saurara har aka gama, ta miƙe ta koma. Tun daga nan, in dai ba lokacin sanyi da take barci a rami ba, in aka busa takan zo.

Tsoho ya ce ba wani son kiɗa. "Tana jin ta kiran shanu, sai ta ɗauka naman maraƙi ne ke tafe. Ku biyun duk ƙwaƙwalwarku ta tsufa."

Bara numfashin Kaka ya fara gajarta, sai ta koya min. Ni ban yi nisa a makaranta ba, aji takwas na tsaya, amma kunnena yana riƙe abu. Tsoho ya samu abin yi. In na wuce da ƙaho a kafaɗa sai ya ce, "Ga 'yammatan gidan nan za su fita. A sayo miki ɗankwali?" Abin da ke damuna shi ne na san shi tun kafin ya zama haka. Shi ne mai fafe mana usur da reshe, aljihunsa kullum da gyaɗar dutse. In Kaka ta hau faɗa sai ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya taɓa ɗauko ni a wuya tun daga kan dutse har gida yana waƙa, don na ce ƙafata na ciwo, kuma ya san ƙarya nake yi. Kamar dai wata rana shi da Kaka sun tashi da safe sun yi musayar hali ba su gaya wa kowa ba.

To da Kaka ta shige ciki, Bade Simion ya juyo kaina.

"Kai ma ai ka iya."

Na ce na ɗan iya.

"Ilarie, ba don zumar kaɗai ba. Jikokina ta wannan hanyar suke bi zuwa makaranta, da sassafe, su biyu. Tsohuwar dabba mai yunwa ba ta da tabbas. Ka san gaskiya nake faɗa."

Na san gaskiya yake faɗa. Kuma ni mutum ne da "a'a" ke maƙale masa a wuya. Mutumin nan shi ya koya min kama ƙudan zuma, shi ya kai mahaifiyata asibiti a motarsa. Na dubi gatarina, na dubi takalmansa, na ce, "To."

Da Kaka ta da ce, da na sha ludayi, da abin ya wuce. Wannan kuwa da daddare ta zuba min tuwon masara, ta ƙara min cuku fiye da kullum, ta zauna tana kallon bango. Daga ranar ba ta sake hawa ba. Ƙaho yana rataye a rumfa har Juma'a. Da yammar Juma'a na sauke shi na kwantar a komi, na danne da dutse don ya nutse.

Asabar da la'asar maharba suka iso, su uku, da wata mota mai tsayin ƙafa. Kaka tun hantsi ta tafi coci, ta ce za ta share wa Fada farfajiya. Na je komi, ƙaho na nan a ƙarƙashin dutsensa. Na ɗaga, na ji kamar bai kai nauyin da na sani ba, amma hankalina ba ya jikina, ban tsaya tunani ba.

Muka hau. Suka rarraba kansu a bayan itatuwa, kowa yana fuskantar kututturen da ke hayi. Babbansu, wani mai jan gemu, ya ɗaga min hannu. Na ɗora bakin ƙaho a kan dutsen da Kaka ke ɗorawa. Na ce a raina, Allah ka sa ta yi nisa yau. Na ja numfashi na busa.

Abin da ya fito ban san sunansa ba. Kamar ɗan maraƙi mai mura. Na ji iska na fita ta gaɓar tana taɓa min yatsu. Na sake, ya yi wani fiii, ya mutu. Na uku ma haka.

Mai jan gemu ya fito daga maɓoyarsa. "Simion, wannan ne makaɗin naka? Ko agwagwa muka zo harbi?"

Ɗayan ya ce, "Bar shi ya ƙara, wataƙila ta mutu da dariya, mu huta da ɓarnar harsashi."

Bade Simion ya karɓi ƙahon ya jujjuya. Shi ɗan nan ne, ya san abin. Ya zura yatsa ta baki, ya fito da shi a bushe. "Ba ka jiƙa ba?"

"Na jiƙa, Bade. Tun jiya."

"Bayansa dai ka jiƙa."

Muka tsaya har rana ta faɗa bayan tudu. Babu abin da ya motsa a hayi sai wani tsuntsu. Maharba suka ce za su dawo Asabar mai zuwa, kuma da karnuka za su zo, ba da mai kiɗa ba.

A hanyar gida ina shinshina ƙahon. Ƙamshin hayaƙi yake yi. A gefe ɗaya, kusa da zobe na uku, akwai wani baƙin layi, irin wanda ƙarfen saman murhu ke bari. Wani ya cire shi daga komi bayan na kwanta, ya shanya shi a kan murhu, ya mayar da shi ruwa dab da zan ɗauka.

Na tarar da Kaka a kicin, idanunta sun yi ja. Ta dube ni.

"Ba ta zo ba, Kaka. Ƙaho ya ƙi kuka." Na rage murya. "Ai da kin gaya min, da ban sha kunya a gaban mutane ba."

"In gaya maka me, ɗan nan?"

Na nuna mata baƙin layin. Ta shafa shi da yatsa. Ta ce ita rabon da ta iya ɗaga dutsen nan na komi tun kafin Ista. Sannan mu biyu muka juya muka dubi bencin da ke jikin murhu, inda Tsoho ke kwana tun da sanyi ya fara shigar masa gwiwa.

Yana zaune yana ɓare tuffa da wuƙa. Hannun rigarsa na dama a jiƙe yake har gwiwar hannu.

"Me kuke kallona? Na ci muku wani abu?"

"Ispas," in ji Kaka.

"Kada ki Ispas ɗin ni. Yaro bai iya busa ba, ya je ya ba mu kunya, shi ke nan. Na faɗa tun farko aikin mata ne." Ya jefa ɓawon a wuta. "Kuma ku rufe min ƙofa, iska na shigowa."

Kaka ta rufe ƙofar.

Na kwanta ina tunani. Tsoho mai sanda, wanda ƙetare tsakar gida ke ɗaukarsa kamar tafiyar kasuwa, ya je komi sau biyu ya dawo. Ni mai ƙafafu lafiyayyu na kasa furta kalma ɗaya. Kuma abin da ya yi kwana bakwai kawai ya saya wa Mai Tabo.

Lahadi bayan an fito coci na tari Bade Simion a bakin ƙofa. Na cire hula. Na ce, "Bade, ko sun nemi mai busa, ni ba zan ƙara busa musu ba." Muryata ta fito kamar ta ƙahon jiya, amma ta fito.

"Ba wanda ya neme ka. Karnuka za su yi aikin."

"In na raba Mai Tabo da ƙauyen nan fa kafin Asabar?"

"Ka raba ta? A aljihu za ka sa ta?" Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya sosa gemu. "Ni ba jininta nake so ba, Ilarie. So nake yarana su je makaranta su dawo. In suka zo ba su same ta ba, ni ba zan ƙara kiran kowa ba. In kuwa suka same ta, kada ka zo min da kuka."

Inda zan kai ta ne ban sani ba. Na faɗi hakan a gida muna cin abinci, ba da kowa nake ba. Tsoho ya ci gaba da taunarsa. Sai da aka kwashe kwanuka ya fara magana, yana kallon rufi.

"Wawa kawai zai tsaya tambaya. Gidan ubana na nan bayan tudu na biyu, shekara arba'in ba kowa. Itacen tuffa goma sha ɗaya, yanzu haka suna zuba suna ruɓewa. Ga kogo a saman rafin." Ya yi tari. "Ba da ku nake ba. In mutum zai bi, ta gefen tsohuwar bukkar makiyaya zai bi, akwai idon ruwa a ƙarƙashinta da zai jiƙa wannan sandar banza da yake busawa. Idon ruwa na biyu yana gindin farin dutse. Kuma ya bar kwari tsakaninsa da ita kullum, kada ya ɗauka ƙanwar uwarsa ce."

Litinin na ɗauki ƙaho da bargo da burodi da cuku na hau. Da yamma na busa a filin Kaka. Mai Tabo ta zo. Rabon da in gan ta ya kai mako biyu, sai na ga ta rame, tana jan ƙafar baya. Ta zauna gindin kututture, ta karkatar da kai gefe ɗaya yadda Kaka ke yi in ana mata magana ta kunnen da ba ya ji sosai.

Talata na matsa sama, na busa daga wajen bukka. Ba ta zo ba. Na kwana da baƙin ciki, ina cewa ai Tsoho ya yi gaskiya, wurin ta saba da shi, ba kiɗan ba. Laraba na sake busawa daga nan, na ja ta fiye da yadda Kaka ta koya min, har kaina ya yi jiri. Can ƙasa na ji reshe ya karye. Ban gan ta ba, amma da safe ga sawunta a laka kusa da idon ruwan, ta sha daga inda ƙahon ke kwance.

Daga nan muka riƙa tafiya, ni a gaba da wuni ɗaya, ita a baya. Alhamis aka sheƙa ruwa tun safe har la'asar, na jiƙe sharkaf, amma na yi murna don ya wanke mana sawu. Na busa a gindin farin dutse. Juma'a na isa gidan uban Tsoho. Rufin ya rufta, ciyawa ta kai ƙugu, ƙasa duk tuffa, wurin yana ƙamshin tsami. A jikin wani itace na ga an sassaƙa harafin sunansa da wuƙa, ɓawon ya girma ya kusa haɗiye shi. Na haye rafi, na hau kan wani dutse, na busa.

Ta fito daga saman tudu, ba ta inda na zata ba. Ta tsaya ta ɗaga hanci. Ta sauko cikin itatuwan ta fara ci, a hankali, tana murza tuffa da dasashi. Na ci gaba da busa. Wannan karon ba ta zauna ta saurara ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ji wani abu kamar an manta da ni, sai kuma na ga ai abin da na zo nema ke nan.

Asabar da yamma na iso gida. Motar maharba na fita daga ƙauye ina shiga, karnukansu kwance a baya sun yi laƙwas. Bade Simion yana bakin amyoyinsa. Ya dube ni, ya dubi ƙahon, ya koma kan aikinsa. Kaka ta tare ni a ƙofa, na ce mata, "Tana can tana cin tuffar surukinki." Ta riƙe min hannu ta daɗe ba ta saki ba. Tsoho ya ce da fatan ta bar wa tsuntsaye wani abu, ɓarauniya.

Gajiya ta sa ban san lokacin da na jefa ƙaho a komi ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na ci abinci na kwanta.

Da safe na farka na ga tagar ta yi fari. Sanyin farko ya sauka, irin mai ƙona ganye. Na tuna da komi. Na fita ba takalmi, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafata. Ruwan ya daskare, amma an fasa shi a tsakiya, dutsen yana gefe a ƙasa. Daga komin zuwa rumfa ga sawun ƙafa biyu da ɗigon sanda a kan farar raɓa.

Ƙahon yana rataye a ƙusarsa, bakinsa ƙasa don ya tsane, an naɗe shi da tsohuwar rigar ulu ta Tsoho.

Shi kuwa yana kan bencinsa na waje, ya cusa hannuwa a hammata. Na tsaya a gabansa ina neman abin da zan ce.

"Matsa," ya ce. "Ka tare min rana."

Na matsa.